Jini ya ɓalle bayan haihuwa, babu likita babu bankin jini: me ungozoma zata yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Naga tambayarki tun shekaranjiya, ban samu zama ba sai yau dana sauko daga aikin dare. Kince ke ƴar Aboabo ce, kin gama makaranta an turaki ƙaramin kilinik a wani ƙauye, ke kaɗai ce ungozoma a wurin, babu likita, babu jini a ajiye, wuta tana zuwa tana tafiya, asibitin gunduma kuma tafiyar sama da awa ɗaya ne in hanya tayi kyau. Kuma abinda yake hanaki barci shine ranar da jini zai ɓalle ma mace a hannunki, me zaki fara yi, me zai biyo baya. Toh zan gaya miki abinda na sani, shekara 22 kenan ina karɓar haihuwa anan Kumasi, kuma har gobe in naji ance "Anti zo ki gani" daga ɗakin masu jego sai gabana ya faɗi.

Bari in fara da wani dare a farkon aikina, dan daga shi na koyi rabin abinda zan faɗa miki. Wata baiwar Allah ce daga Sawaba, haihuwarta ta biyar, ta iso wajen ƙarfe biyun dare kan yaro ma ya riga ya sauko, ko minti 20 bata yi ba ta sauka lafiya, namiji, mabiyiya ta fito, uwar mijinta tana ta hamdala a bakin ƙofa. Na gyarata na lulluɓeta da zani, na koma kan wata mai haihuwar fari da take ta fama tun magariba. Zuciyata a kwance take, ai wadda ta haifi biyar ta san hanya. Bayan kusan minti 40 na leƙo, sai tace min a hankali "Anti ƙishi nake ji, kuma dan Allah a kashe fanka", tana ta hamma. Na duba zanin da ke samanta, tas yake. Sai da na juyata gefe, jini ya kwanta a kan ledar gado tun daga ƙugunta har kafaɗa, ya bi ta ƙarƙashinta ba wanda ya gani. Na ɗora hannu a cikinta, mahaifa ta hau sama da cibiya, lagwab kamar ƙullin koko a leda, ina dannawa gudaji suka zubo manya manya kamar hanta. Ta rayu, Alhamdulillah, bayan leda uku na jini, biyu daga ƙannen mijinta da aka taso daga barci. Amma wallahi ba wani babban magani ne ya kusa rasa mana ita ba, minti 40 ɗin nan ne da ba wanda ya ɗaga zani ya duba.

Shiyasa kafin maganar allura da magani, ki fara riƙe wannan. A ƙarshen ciki jinin da yake bi ta mahaifa a minti ɗaya ya kai mil 500 zuwa sama, wato ledar piya wata guda cur a kowane minti. In mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, jijiyoyin nan a buɗe suke, abinda yake rufe su shine mahaifar ta dunƙule ta matse su da kanta. In bata dunƙule ba famfo ne aka bari a buɗe. Mace mai ƙoshin lafiya zata iya tafiya cikin awa biyu in ba'a yi komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mata miliyan 14 ne suke samun wannan zubar jinin duk shekara, kusan 70,000 suna rasuwa, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Anan Ghana binciken lafiyar iyaye mata na 2017 ya nuna mata 310 ne suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma jini yana sahun gaba cikin abinda yake ɗaukarsu.

Ma'aunin da aka koya miki a makaranta shine mil 500 cikin awa 24 bayan haihuwa, in ya kai 1000 ya zama mai tsanani. Matsalar ita ce ido baya iya auna jini. Duk ƙwarewarki, in kika kalla kika ce "bai kai ba", yawanci ya wuce, dan zani ya sha, katifa ta sha, wani ya gangara ƙasa, wani kuma yana can cikin mahaifa ya daskare bai fito ba. Akwai leda ta musamman da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, tana da aljihu mai tsini a ƙasa da layukan awo, jinin yana taruwa kina ganin lambar da idonki. In kilinik ɗinku na da ita, kada ki ajiyeta sai ranar matsala, kowace mace a shimfiɗa mata. In babu, kina da sikelin da kike auna jarirai ai. Ki auna busasshen zani da fad tun kafin ki sa, ki rubuta nauyinsu a bango, bayan sun jiƙe ki sake aunawa ki cire, giram ɗaya mil ɗaya ne. Ba wani wahala, amma yana rabaki da zato.

Kuma kada ki jira bifi, wato awon hawan jini, ya faɗi. Ƴan matanmu masu ƙarfi jikinsu yana riƙe bifi daidai har sai sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na jininsu, sannan ya rikito lokaci guda. Bugun zuciya ne yake fara tona asiri. Ni abinda nake koya ma ƴan makaranta shine, in lambar bugun zuciya ta kamo lambar saman bifi ko ta wuceta, misali bugu 110 bifi 100, matar nan tana cikin haɗari ko da tana miki murmushi. Ga kuma ƙishi, hamma, jin sanyi, zufa mai sanyi a goshi, jiri, leɓe da cikin ido suyi fari. Kinsan matanmu da kunya da dauriya, musamman mai haihuwar fari a gaban surukarta, bazata ce miki komai ba, tun tana yarinya ake gaya mata mace bata raki a naƙuda. Ke zaki je ki duba, duk minti 15 har awa biyu, ki taɓa mahaifa, ki ɗaga zani, ki ƙirga bugu. Ni har ƙararrawa nake sawa a waya.

Rigakafi kuma kin sanshi, bazan daɗe a kai ba. Jariri na fitowa, ki shafa ciki ki tabbata babu na biyu a ciki, sai oksitosin, allurar dunƙule mahaifa, yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya, kowace mace, ba sai wadda kike zargi ba, dan mafi yawan waɗanda jini ya ɓalle musu babu wata alama da ta nuna tun farko. Sai dai anan maganar firij ɗinki ta shigo. Oksitosin yana son sanyi, digiri 2 zuwa 8, zafi yana kashe mai ƙarfi a hankali kuma kwalbar bazata canza kala ta gaya miki ba. An taɓa yin bincike anan Ghana, ya fito a 2012, aka sayo irin alluran nan daga shagunan magani a gundumomi uku aka auna, mafi yawansu basu kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. Dan haka wanda dangi suka sayo a kemis ya kwana a kanta cikin rana, ni bana dogara dashi. Ki sa naki a firijin allurar rigakafin yara in shine mai sola, tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yarda a haɗa su, sai dai a ware shi a kwali daban da rubutu ɓaro ɓaro kada a rikita. Ranar da kike shakkar sa, misofrostol yana nan, ƙwaya ce bata buƙatar sanyi, maikrogiram 600 ta haɗiya dan rigakafi. Akwai kuma kabetosin mai jure zafi wanda aka gwada a mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, sakamakon ya fito a 2018, yana aiki kamar oksitosin wajen rigakafi, in ya iso gundumarku ki nema, amma na rigakafi ne, ba'a maimaita shi in jini ya riga ya ɓalle.

Toh yanzu ya ɓalle. Abinda aka koya mana da can shine ki gwada wannan, ki jira ki gani, in bai yi ba ki gwada na gaba. Wannan jiran shine yake kashewa. A 2023 sakamakon wani babban gwaji ya fito, E-MOTIVE, anyi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 210,000, kuma cikin manyan da suka jagorance shi akwai tamu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano. Basu kawo wani sabon magani ba fa. Ledar awon nan suka sa, sannan suka ce da zarar jini ya kai 500, ko ya kai 300 tare da wata alama mara kyau a jikin matar, a yi komai a tare cikin minti 15, murza mahaifa, maganin dunƙule mahaifa, taraneksamik mai taimaka ma jini ya tsaya, ƙarin ruwa, a duba inda jinin yake fitowa, in bai tsaya ba a ɗaga zuwa gaba. Zubar jini mai tsanani da tiyata da mutuwa saboda jini, in aka haɗa su, suka ragu da kashi 60 cikin 100. A asibitocin da suka cigaba da yadda aka saba, kusan rabin matan da jininsu ya wuce ƙa'ida ba'a ma gane ba. Dana karanta wannan sai matar Sawaba ta faɗo min a rai.

A aikace ga yadda yake kasancewa in ke kaɗai ce. Ki ɗaga murya ki kira duk wanda yake kusa, nas ɗin rigakafi, mai shara, maigadi, kowa yana da aikin da zai iya, wani ya riƙe tocila, wani ya karɓi jariri, wani ya kira mota tun yanzu ba sai anjima ba, in jinin ya tsaya a bashi haƙuri ya koma. Hannunki ɗaya yana kan mahaifa kina murzawa da ƙarfi, da gaske fa, zata yi ihu ta riƙe miki hannu, ki bata haƙuri ki cigaba har sai kinji ta taurare kamar ƙwallon kwakwa, ki matso gudajin da ke ciki su fito dan mahaifar da ke cike da gudaji bata iya rufewa. Ki nuna ma ƴar rakiya yadda zata cigaba da murzawa ke ki samu hannu. Kanula babba, mai ruwan toka ko koriya, guda biyu in da hali, kuma ki sa tun jijiya tana ganuwa dan in ta shige sai kin yi kuka kafin ki samu. Ƙarin ruwa, na gishiri ko ringa, a buɗe. Oksitosin yunit 10 a hankali, sannan 20 cikin lita ɗaya ya cigaba da sauka, kada ki tura shi tsura da sauri cikin jijiya yana kada bifi. In babu shi ko kina zargin ya mutu, misofrostol maikrogiram 800, ƙwaya huɗu kenan ƴan 200, ƙarƙashin harshe. Zata yi rawar ɗari jikinta yayi zafi, ki gaya ma dangi tun kafin su ce iska ne ya taɓata, maganin ne kuma yana wucewa. Egometrin, shima maganin dunƙule mahaifa ne, yana da ƙarfi, amma haram ga mai hawan jini ko wadda ta yi jijjiga, in baki auna bifinta ba kada ki taɓa shi.

Sai taraneksamik, wanda inaga har yanzu ba'a bashi haƙƙinsa a ƙananan wurare. Shi ba mahaifa yake matsewa ba, yana hana daskararren jinin da ya toshe jijiya narkewa ne, shiyasa yake amfani ko daga mahaifa jinin yake ko daga yagewa. Giram ɗaya a jijiya a hankali cikin minti 10, yawanci kwalba biyu kenan ƴan 500. In bayan minti 30 jini bai tsaya ba, ko ya dawo cikin awa 24, a ƙara ɗaya. Gwajin WOMAN na 2017, mata 20,000 da ɗoriya a ƙasashe 21, ya nuna in aka bada shi cikin awa uku da haihuwa mutuwa saboda jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, bayan awa uku kuma amfaninsa ya tafi, wani binciken kuma da ya biyo baya ya nuna duk minti 15 da aka jinkirta yana rage amfanin da kusan kashi 10 cikin 100. Kinga kenan wadda kika turo mana Kumasi baki bata ba, kafin ta iso ta bi layi lokacin ya wuce. Baya buƙatar firij, bashi da tsada. A wurinki ya kamata ta samu.

Abu ɗaya da yara ke mantawa kullum, fitsari. Mafitsara in ta cika tana tokare mahaifa ta hanata dunƙulewa, zaki ji mahaifar ta karkace gefe ɗaya. Sa robar fitsari ki barta a ciki, sau da yawa nan take zaki ga jinin ya ja baya, kuma daga baya fitsarin da ke taruwa a leda shi zai gaya miki ko ƙodarta tana samun jini.

In mahaifa ta yi tauri amma jini ja wur yana cigaba da tsiyaya, toh ba daga can bane, ta ƙaru ne. Ki samu haske mai kyau, ni tocilar goshi nake ajiyewa a aljihu saboda dumso, ɗauke wutar nan, ki duba tun daga waje har bakin mahaifa. Wanda zaki iya ɗinkewa ki ɗinke, ki fara daga saman inda yagewar ta tsaya. Wanda ya yi zurfi ya fi ƙarfinki, ki danna da gozi ki cusa ki matse, ki ƙirga guda nawa kika sa ki rubuta, ki tura. Sannan mabiyiya, ki shimfiɗata a faranti ki duba kamar mai tsintar shinkafa, in wani yanki ya ɓace yana ciki, kuma mahaifa bazata rufe akan saura ba. In minti 30 ya wuce bata fito ba kuma jini na zuba, in an koya miki cirewa da hannu ki sa doguwar safa ki cire, ki bata maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma in kika ji ta manne ba inda yatsa zai shiga tsakaninta da bango, musamman mai tsohon tiyata, dan girman Allah ki cire hannunki, kada ki yage, wannan aikin ɗakin tiyata ne. Kuma ba'a jan igiyar cibiya da ƙarfi in mahaifa bata dunƙule ba, tana iya juyowa waje gaba ɗaya. Bayan mahaifar da ta ƙi dunƙulewa da yagewa da sauran mabiyiya, abu na huɗu shine jinin da baya daskarewa, zaki ganshi tsararo kamar ruwan sobolo, yawanci ga wadda mabiyiya ta rabu tun kafin haihuwa ko jariri ya daɗe da rasuwa a ciki ko mai jijjiga. Wannan ba abinda zaki iya a ƙauye sai taraneksamik da gudu.

In duk kinyi wannan mahaifa ta ƙi, hannunki ne ya rage, kuma hannu yana aiki. Dunƙulen hannu ɗaya a ciki ta gaban bakin mahaifa, ɗayan a kan ciki ta bayan mahaifar, ki haɗa su ki matse kamar zaki haɗe tafukanki. Yana gajiyarwa, minti biyar zaki ji kafaɗa na ciwo, amma na taɓa riƙe mace haka a bayan mota tun daga inda muka taso har ƙofar asibitin Komfo Anokye, Gee ɗin nan namu, direba yana ta hon a Kejetia, yayarta tana riƙe da ledar ruwa a sama tana salati. Ɗayar dabarar ko namiji mai ƙarfi zaki iya koya ma nan take, ya dunƙule hannu ya ɗora sama da cibiya kaɗan ta hagu, ya danna ƙasa sosai har ya matse babbar jijiyar jini da ƙashin baya, ke kuma ki taɓa matsematsinta, in bugun wurin ya ɓace toh ya danna daidai.

Akwai rigar matse jiki ta roba mai kauri, ana naɗeta daga idon sawu zuwa ciki, tana mayar da jini sama zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, an gwadata a Najeriya da Masar. Bata tsayar da ciwon, lokaci take saya miki na hanya, kuma ba'a cireta sai a inda akwai jini da likita, a hankali daga ƙafa. Akwai kuma balan-balan da ake sawa cikin mahaifa a cika da ruwan gishiri ya danne bangon daga ciki, wata likita a Bangaladesh, Farfesa Sayeba Akhter, ita ta fito da yin sa da kwaroron roba da aka ɗaura a bakin robar fitsari. Dabara ce mai kyau, na gani ta yi aiki. Amma ra'ayina, kuma shine matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2021, ba abu bane da za'a sa a zauna ana kallo a inda babu hanyar samun tiyata da jini da wuri. In an horar dake kika sa, ki sa kina kan hanya.

Maganar hanya kuwa, tun yau zaki shiryata ba ranar ba. Lambar gaggawa 112 kina da ita, amma kinsan motar asibiti ɗaya tana iya kasancewa a wani ƙauyen, dan haka ki samu lambar direbobi biyu ko uku a garin waɗanda zasu ɗauki waya ƙarfe uku na dare, ki zauna da sarki da limami a yi maganar kuɗin mai tun kafin buƙata. Ki kira asibitin da zaki je kafin ki tashi, ki gaya musu jini nawa, me kika bayar, ƙarfe nawa, rukunin jininta, dan su fara neman jini kina hanya. Ki rubuta lokutan ko a bayan littafin awonta ne. Ki lulluɓeta da bargo dan sanyi yana hana jini daskarewa, ki ɗaga ƙafafunta, kada a bata koko ko shayi komai roƙonta saboda ƙila tiyata za'a shiga. Kuma ke da kanki zaki rakata, ba'a sa mace mai zubar jini a pragya, keke mai ƙafa uku, da miji kaɗai a ce Allah ya kiyaye. Ki tambaya kuma ko wurinku yana cikin inda jiragen Zipline marasa matuƙi suke kaiwa, tun 2019 suke aiki a Ghana kuma suna da tasha a wajen Mampong, magani dai suna jefowa, jini kuma sai wurin da aka yarda ya yi ƙarin jini. A babban asibiti akwai sauran matakai, ɗinkin da ake ɗaure mahaifa dashi wanda Dokta B-Lynch ɗan asalin Saliyo ya bayyana a 1997, ɗaure jijiyoyi, in ya kama a cire mahaifar. Ki fara shirya zuciyar miji tun a mota, dan sa hannun nan yana cin lokaci, sai ya kira babansa, baban ya kira wani, mace tana kwance.

Wani abu kuma da yake ci min rai, kuma mu ƴan zango ya fi shafa. Mace mai jini 12 a awon yawan jini in ta zubar da lita ɗaya zata tashi da jiri ne kawai. Mai jini 7 rabin haka zai iya kaita kabari. Kuma kullum muna ganinsu, ciki wata tara, tafin hannu fari fat, ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini a awo ta zuba a ƙarƙashin filo wai suna sa jariri ya yi ƙato ko suna sata amai. Ki zauna dasu ki yi bayani da Hausa ko Tuwi ko duk yaren da suke ji, ba ki miƙa leda kawai ba. Maganin maleriya na masu ciki daga sati 16, gidan sauro, maganin tsutsa, kontomire da ayoyo da wake da hanta da ɗan kifi, kuma a daina kora ƙwayar da shayi. Awo da haihuwa suna cikin inshora kyauta tun 2008, a sabunta kati kawai. Wadda kika ga jininta ya yi ƙasa sosai, ko tagwaye, ko haihuwa ta biyar zuwa sama, ko mai tsohon tiyata, ko mai ƙari a mahaifa, ko wadda ta taɓa zubar da jini a baya, wannan tun a wata takwas ki gaya mata a asibitin gunduma zata haihu, ta koma wurin dangi a gari ta jira. Ba gazawarki bace. Ki kuma tambaya a hankali ba da faɗa ba ko ta sha wani jiƙo na saurin naƙuda a gida, dan wasu suna sa mahaifa ta yi aiki fiye da ƙima ta gaji ko ta fashe, in kika yi faɗa bazasu ƙara gaya miki gaskiya ba.

Mazan kuma a gaya musu, rago da atamfa da kayan suna duk sun tanada tun ciki na wata shida, amma ba wanda ya tanadi jini. Leda ɗaya mil 450 ne, namiji mai lafiya ruwan jikinsa yana dawowa cikin kwana ɗaya biyu, baya rage mai ƙarfi, baya taɓa mazakutarsa kamar yadda ake faɗa a bes, wurin hirar maza. Miji ya kawo mutum biyu su bayar tun kafin watan haihuwa. Na sha tsayawa a baranda ƙarfe huɗu na asuba ina kallon dattijo yana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya ba mai ɗauka. In limamin garinku mai fahimta ne ki roƙe shi ya faɗa a huɗubar Juma'a, daga bakinsa sun fi ji.

Kafin ki sallami mai jego, ki kira wadda zata yi mata wanka, uwa ko goggo ko kaka, ki yi maganar a gabanta dan ita ce mai hukunci a gida. Tsofaffinmu suna cewa a bar jinin ya fita ai dauɗa ce, in ya zauna shi yake kawo ciwon ciki. Ki yarda dasu rabi, jinin biƙi gaskiya ne yana fita, amma kullum raguwa yake yana canza kala daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa fari fari. Wanda yake jiƙa fad biyu uku cikin rabin awa, ko gudaji manya, ko ya dawo ja bayan ya ja baya, ko wari da zazzaɓi, ko jiri in ta miƙe, wannan ba na ruwan zafi bane ba na kunun kanwa ba, a dawo da ita ko ranar suna ce ko an riga an ɗora tukunya. Yana iya faruwa har makonni bayan haihuwa, yawanci saura ne ya rage a ciki ko ƙwayar cuta ta shiga. Wadda kuma ta zubar da jini sosai aka ceto, ta cigaba da ƙwayar ƙarin jini wata uku, in nono ya ƙi zuwa sam ko al'ada ta ƙi dawowa ga kasala kullum, a kaita likita dan akwai wata ƴar gland a ƙasan ƙwaƙwalwa da rashin jinin yake iya lalatawa.

Gobe in kin shiga aiki ki samu roba ɗaya mai murfi, ki zuba kanula biyu manya, ruwa lita biyu da igiyarsa, taraneksamik kwalba huɗu, misofrostol, robar fitsari da ledarta, doguwar safa, gozi, zaren ɗinki, sirinji, tocila, ki manna takardar matakai a murfin, ki ajiye inda hannu zai kai ba a kabad mai kwaɗo ba, kuma kada kowa ya ciri ko filasta a ciki dan wani aikin. Ki tara abokan aikinki har maigadi ku gwada da filo sau ɗaya a wata kuna duba agogo. Sannan ki buɗe firij ki duba ranar lalacewar oksitosin ɗinki da inda aka ajiye shi, ki turo min abinda kika samu da abinda babu, in taraneksamik ne babu zan nuna miki yadda zaki rubuta buƙatarsa zuwa ofishin lafiya na gunduma. Ki gaida su Hajiya in kin leƙo Aboabo.